Kek Ɗin Taurari a Shekarar Bushiya

Kuna danna waya ku ga wata ta ɗora kek hawa uku cikin minti biyu, sai ku juyo ku ce, "Inna Ige, ai wanga aiki ba wuya." To ku zauna ku ji. Ku wuta kuke kunnawa da ɗan yatsa, inji ya kaɗa muku ƙwai, kala tana jere cikin kwalabe sai wadda kuka zaɓa. Ni da na fara, tandata tukunyar ƙarfe ce mai ƙafa uku, da yashin gulbi a cikinta.

A Anka na koya, daf da lokacin da soja suka miƙa wa farar hula mulki. Maigidana Malam Isa direban motar asibiti ne, muna zaune a gidajen ma'aikata, katanga ɗaya da wata nas 'yar Filato, Madam Rifkatu. Ƙamshi ne ya kai ni gidanta. Na yi wata huɗu ina wanke mata kwanoni kafin ta bar ni na taɓa fulawa, kuma ko da ta bari, man shanu ta fara ɗora ni a kai. Botar gwangwani ba kullum take isowa Anka ba, saboda haka da man Fulani muke aiki. Ɗanyen man shanu yana zuwa da tsamin nono a jikinsa. Sai kin wanke shi da ruwan randa mai sanyi, kina murzawa da bayan ludayi, ki zubar, ki sake, har sau bakwai, sai ruwan ya fita fari tas kamar ba a taɓa shi ba. In kika yi shida don gajiya, kek ɗin zai tona miki asiri a bakin mai ci.

Sukari kuwa na ƙwaya ne, mai kwali. Daka shi ake a turmi, a tankaɗe da tsohon gyale mai laushi. Kek ɗina na farko a turmin gidanmu na daka sukarinsa. Madam ta gutsura, ta tauna, ta dube ni ta ce, "Ige, wannan kek ne ko miyar kuka?" Daddawa ce ta bi shi. Ranar na sayi sabon turmi, kuma har ya tsage bai san barkono ba.

Wuta ita ce malamar gaske. Ki zuba yashi kamu yatsa uku a gindin tukunya, ki jera duwatsu ƙanana uku, ki ɗora kwano a kansu, ki rufe da faifan ƙarfe, ki zuba garwashi a bisa. Wutar sama ta ɗan fi ta ƙasa. Ba agogo, ba ma'auni. Hannu kike sawa cikin tukunyar ki ƙirga. In kin kai goma kafin ki janye, ta yi. In kin janye a shida, za ki ƙone shi. In kin wuce sha biyar, zai kwanta kamar tuwon jiya. Kuma ba a buɗe murfi sai hanci ya ba da izni. Daga nan ki soka tsinken tsintsiya, in ya fito a bushe ki sauke.

Da aka mayar da maigidana Gummi, Madam ta ba ni kwanoni uku, babba da matsakaici da ƙarami, da maburgi na waya, da sirinji guda da aka dafa aka cire masa allura. Da shi nake zane da rubutu a kan kek. Masu saye a lokacin malaman makaranta ne da ma'aikatan asibiti da 'yan kasuwar kudu, musamman in Kirsimeti ta zo. Mutanen gari masar Turawa suke ce masa. Wata tsohuwa ta taɓa tsare ni a bakin rijiya ta rantsar da ni ko ina zuba giya a ciki. Sannu a hankali matan ma'aikata suka fara nema ranar suna.

Mai ba ni man shanu a Gummi mace ɗaya ce, Adda Shatu. Rugarsu tana can wajen Bukkuyum, amma kowace kasuwa sai ta biyo motar kasuwa ta zo, domin ɗanta Manu yana makarantar kwana ta maza a garinmu. Tun lokacin da hakimi ya ce kowace ruga ta ba da yaro aka kawo shi boko, shi kuwa ya kama abin da hannu biyu. Manta ya fita daban. Tana turara ƙwaryarta da wani itace da ban taɓa sanin sunansa ba, sai man ya ɗauko wani ƙamshi kaɗan, kamar hayaƙin da ya yi tafiya mai nisa. Wanki bakwai ba ya cire shi, ni ma ban so ya fita ba.

Sai shekarar bushiya ta zo. Ba dabbar nan mai ƙaya nake nufi ba, ciwon shanu ne. Saniya ta fara zubar da hawaye da miyau, bakinta ya yi gyambo, ta kama zawo, kwana kaɗan ta faɗi. Ya shiga garke kamar gobara a cikin kara. Shekarar ce kuma kantuna suka bushe. Sabulu, madara, fulawa, sai mai hanya. Nono ya ɓace daga kasuwa. Inda matan Fulani suke jera ƙore a gindin tsamiya, sai ƙasa kawai. Adda Shatu ta yi kasuwa biyar ban gan ta ba.

Ana cikin haka, farkon damina, Malam Bitrus ya yi sallama a ƙofar gidanmu. Mutumin kudancin Zariya ne, yana koyar da labarin ƙasa a makarantar su Manu. Ya zauna a zaure da maigidana, aka kira ni. Ya warware wata tsohuwar takardar kalanda, ga hoton wani mutum cikin farar riga mai kumburi tsaye a kan wata, sama baƙa ƙirin a bayansa.

Ya ce, "Yarana za su gama nan da kwana goma sha biyu. Shekara biyar ina koya musu rana da wata da taurari da alli. Ina so su gan su a kan tebur, su ci. Hawa uku. Sararin sama a ƙasa, wata a bisa, da roka."

Malam Isa ya karɓi takardar ya juya ta. "Watan da Allah ya rataya, wa ya ba su tsani?"

Malam Bitrus ya yi dariya, ya ce fulawa da sukari shi zai kawo, ya riga ya samo ta hannun wani ɗan'uwansa a Gusau. Ya ƙara da cewa ɗalibin da ya zo na ɗaya shi zai yanka a gaban iyaye, kuma Manu ne, yaron Fulani. Na ce masa ƙwan zabi ba matsala, lokacinsa ne. Mai ne babu. Ya ce in gwada man gyaɗa. Na ce man gyaɗa ba ya riƙe hawa uku, zai zube kamar ginin yashi. Da ya tafi na nemi iznin maigidana in je in dubo Adda Shatu.

Motar kasuwa ta sauke ni a bakin hanya da hantsi, na bi turba da ƙafa. Na taɓa zuwa sau biyu, na san cewa tun daga nesa ake jin ruga: kukan maruƙa, kiran makiyaya, ƙarar muciya a ƙwarya. Ranar ba komai. Ciyawa ta fito kore shar har gwiwa, babu bakin da ya taɓa ta. Wari ne ya fara tarbata. Sai ungulaye, ba a sama ba, a ƙasa, suna tafiya da ƙafa kamar kaji don sun yi nauyin da ba za su iya tashi ba. Ɗaya ta tsaya a tsakiyar turba tana kallona, sai ni na kauce mata.

Bukkoki bakwai ne a rugar, biyar an kwashe. Igiyar da ake ɗaure maruƙa tana miƙe tsakanin turaku biyu, kowane zarge a buɗe, an share ƙarƙashinsu tsaf. Adda Shatu tana zaune a ƙofar bukkarta da ƙorai a kife a gabanta, wankakku.

"Ige, ke ta?"

"Ni ta, Adda. Ina gajiya? Ya munka ji da wanga abu?"

"Sai haƙuri. Zamna."

Ta ba ni ruwa. Ban tambayi ko nawa suka rage ba, don idona ya riga ya ba ni amsa. Ita ta ce, "Kwana goma sha tara sunka ƙare duka. Ta ƙarshe ta hwaɗi ranar Laraba."

Muna zaune sai na ji kira daga wajen fadama, irin kiran da makiyayi yake yi in zai juyo da garke. Na ce a raina ashe wasu sun tsira. Na miƙe na leƙa. Mijinta ne, Baffa Sanda, dogon dattijo, sanda a gicciye bisa kafaɗa, malfa a ka. Yana tafe a hankali yana kiran shanu da sunayensu, "Daneye! Woɗeye! Sayge, hai!" Yakan ɗan yi gefe da sauri ya ɗaga sanda kamar wata ta ratse, ya jira ta dawo layi, sannan ya ci gaba. Ba komai a gabansa sai ciyawa. Amma balbelu suna biye da shi, farare, sun fi ashirin, suna tafe a warwatse, da tazara tsakaninsu daidai inda jikin saniya zai shiga. Na san fari suke ci da ƙafarsa take tayarwa. Na sani sarai. Duk da haka da ya doso ƙofar shinge na sami kaina na manne da bukka na tattare zanina, kada a take ni.

Ya tsaya a bakin shingen yana taɓa iska da tafin hannu, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai shafa doron kowace tana shiga. Ya ja ƙaya ya rufe. Sannan ya gaishe ni da hankalinsa cif, ya tambayi maigidana da suna, ya wuce alwala.

Adda ta ce, "Kullum haka. Da safe shi fitar, da azahar shi maido, da la'asar shi koma. Ba shi dukan kowa, ba shi zagin kowa. Abinci na ba shi ci sai kaɗan."

Na faɗa mata abin da ya kawo ni, ina jin kunyar bakina. Ta shiga bukka ta tone ƙasa a ƙarƙashin gadon kara, ta fito da wani ɗan tulu an liƙe bakinsa da laka. Soyayyen mai ne, ta soya tun kafin ciwon ya shigo. Ta ce ta ajiye ne don ranar da Manu zai dawo gida.

"Tunda shi za shi yanka, ɗauki. Amma Ige, ki riƙe mani amana. Mun aika mai cewa an yi ma namu allura, suna lahiya, don kar jarrabawa ta ɓaci. Ki bari shi karɓi takardarshi da hwarin ciki. In ya zaka gida ya gani da idonai."

Na ce mata to.

Soyayyen mai ba ya bugawa kamar ɗanye. Ruwa-ruwa yake, in kika zuba shi haka kek zai fito da nauyi kamar dutse. Sai na juye shi a kwanon sha, na binne kwanon har wuya cikin jiƙaƙƙen yashi a gindin randa, kwana ɗaya, ya daskare. Da asuba, kafin rana ta yi zafi, na fara bugawa da sukari. Kusan awa ɗaya ina juya muciya ta gefe guda har ya yi fari ya tashi. Ƙwan zabi talatin da shida, kuma kowanne sai na fasa shi a ƙoƙo daban na shinshina, domin ɗaya ruɓaɓɓe ya isa ya kashe aikin duka, ga shi man ba shi da na biyu. Na gasa babban a rana ta farko, matsakaici da ƙarami a ta biyu. Ƙaramin, wato na watan, ba a kwanon kek na gasa shi ba, a cikin ƙaramar tasa mai zurfi, don in na kife shi ya fito rabin ƙwallo.

Shafen sama, wanda Madam take kira aisin, farin ƙwai ne da dakakken sukari. Fari ba wuya. Shuɗi mai duhu ne ya hana ni sakat. Kalar kwalba ta ƙare a kantuna. Wata maƙwabciya ta ce in sa bular wanki, na ce ba zan ciyar da 'ya'yan mutane abin rinin riga ba. Sai na tuna abin da na taɓa gani a madafa: in ruwan kanwa ya ɗiga cikin zoɓo, jan yakan juye ya yi duhu. Na dafa zoɓo har ya kafe ya yi kauri kamar zuma, na ɗiga ruwan kanwa da tsinke, ɗigo ɗigo, ina ɗanɗanawa kada ya yi bauri. Na bar lemun tsami gaba ɗaya, don shi zai maido da jan. Na ƙara ƙonannen sukari cokali guda. Da na gauraya da shafen na shimfiɗa a kan babban kek da wuƙar tebur, launin da ya fito ban taɓa ganin irinsa a kan abinci ba. Kamar hadarin gabas ne lokacin da iska ta tsaya cak, kaji suka shige akurki da rana tsaka. Maigidana ya leƙo, ya tsaya, ya ce, "A'uzubillahi. Wanga ci za a yi?"

Damina maƙiyiyar shafe ce, sai ya riƙa gumi yana zubowa. Na rufe ɗaki, na ajiye kaskon garwashi a kusurwa, na sa ƙafafun tebur cikin gwangwanaye da ruwa saboda tururuwa. Watan na shafe shi da fari, kafin ya bushe na riƙa danna murfin kwalba da kan cokali, ya yi ramuka kamar na hoton. Rokar kuwa sukari ne da farin ƙwai da ɗan ƙaro, na murza kamar tuwon madara na naɗe a jikin tsinken gora, na yi mata fikafikai uku da jar wutsiya ta zoɓo tsantsa.

Taurari ne aikin ƙarshe. Na cika sirinji da farin shafe. Na fara da waɗanda na sani tun ina yarinya: Kaza da 'ya'yanta a dunƙule gefe guda, Zara kusa da inda wata zai zauna, Gamzaki shi kaɗai can ƙasa. Sauran na watsa su yadda hannu ya kai, manya da ƙanana, a bisa da kewaye. Ban ƙirga ba. Hannuna ne ya gaji na tsaya.

Ba a ɗaukar kek mai hawa a haɗe. Ranar bikin kowane hawa ya tafi a tirensa, a motar asibiti, Malam Isa yana tuƙi kamar ya ɗauko mai naƙuda. A can na soke tsinkayen gora huɗu cikin na ƙasa, na ɗora faranti, na ɗora na biyu, haka har wata. Kuma kullum ki tafi da sauran shafe cikin sirinji, a naɗe da jiƙaƙƙen tsumma, don gyaran abin da hanya ta ɓata.

Ina cikin haɗawa a ƙarƙashin rumfar da aka kafa a filin makaranta, Manu ya zo gaishe ni. Ya zama saurayi, dogo kamar ubansa, cikin farin yunifom. Ya durƙusa, ya miƙe, sai ya tsaya ya ja numfashi.

"Inna, wanga man gidanmu na."

Na ce, "Hancinka na da kyau."

"Kin je ruga ke nan? Suna lahiya? An ce Sayge ta kusa haihuwa."

Na sunkuya ina gyara wutsiyar roka da ba abin da ya same ta. Na ce, "Innarka ta gaishe ka. Ta ce ka yanka da kyau." Ya dube ni kamar zai ƙara magana, aka kira shi layi.

Bayan la'asar aka fara. Iyaye a kan benci, manyan gari a kujerun gaba, aka yi jawabi, aka raba takardu. Malam Bitrus ya yaye mayafin da na rufe kek ɗin da shi, wuri ya yi "Kai!" gaba ɗaya. Ya nuna da rula: nan duniya ba ta ko kai ƙwayar gero ba, nan wata, nan hanyar da roka take bi. Aka kira Manu, aka miƙa masa wuƙa.

A lokacin ne na ji kiran, daga ƙofar makaranta. "Daneye! Woɗeye! Hai, hai!"

Baffa Sanda ne, ƙafafunsa duk laka har gwiwa. Daga baya Adda ta ce tun safiyar jajiberin bikin ya fitar da garken nan nasa bai maido ba, ta bi sawunsa har ta gaji. Ya ratso filin ƙwallo a hankali, sanda a kafaɗa. Abin da ba na mantawa shi ne mutane. Yawancinsu manoma ne da makiyaya, sun san wannan kira tun suna goye. Ba wanda ya ce a tashi, amma sai benci ya riƙa darewa, mata suna janye yara, maza suna ɗage ƙafa, aka buɗe hanya mai faɗin da mutum ɗaya ba ya bukata. Wani maigadi ya taso zai tare shi, hedimasta ya ɗaga masa hannu.

Manu yana tsaye da wuƙa. Ya dubi ubansa, ya dubi filin da ke gabansa wayam, ya juyo ya dube ni. Na sunkuyar da kai.

Dattijon ya iso gaban tebur ya tsaya. Ya daɗe yana kallon kek ɗin. Sai ya sauke sanda, ya jingina ta da tebur, ya miƙa yatsa kusa da tauraro na farko ba tare da ya taɓa ba. "Daneye," ya ce, murya ƙasa ƙasa. Ya matsa na gaba. "Woɗeye. Ɓaleye. 'Yar Ɓaleye." Yana zagaya tebur yana kiran suna, Malam Bitrus yana ja da baya yana ba shi wuri. Ya gama hawan ƙasa, ya hau na biyu. A Kaza da 'ya'yanta ya ɗan yi murmushi, ya jero sunayen maruƙa. Da ya kai tauraro na ƙarshe ya tsaya, yatsansa a sama, ya koma baya yana dubawa, fuskarsa ta canza.

"Saura guda. Ina Sayge?"

Ya fara waige-waige, numfashinsa yana hawa. Ya kai hannu ga sandarsa. Ban yi shawara da kowa ba. Na warware tsumma, na fito da sirinji, na zagayo ta gefensa na ɗiga tauraro guda a wani fili kusa da gindin wata. Ya fito ya fi sauran girma, da ɗan ƙaramin ɗigo a manne da shi.

Ya sunkuya ya duba. "Awo," ya ce. "Ta haihu." Ya saki sandar.

Manu ya matso. Da Fulatanci ya fara, sannan ya faɗa da Hausa, ban san ko don mu ji ba ne ko don shi kansa ya ji. "Baaba, sun mutu ko? Duka?"

"Duka."

"Ka sani?"

"Na sani mana. Ni na ja su rami da hannuna, ni da innarka." Ya dubi ƙafafunsa masu laka. "Ƙahwata ta ba ta sani ba. In gari ya waye sai ta tashi."

Manu ya ajiye wuƙar a kan tebur. Ya ce wa Malam Bitrus a yi haƙuri, ba zai iya ba, a ba na biyu ya yanka. Dattijon ya ɗauki wuƙar ta wajen kaifi, ya miƙa masa ƙotar.

"Yanka, Manu. Ka yi bisimilla da ƙarfi. Ko guda ba ta samu wuƙa ba, duk mushe sunka tahi."

Yaron ya karɓa. Ya juya ya fuskanci gabas, ya ce Bismillahi, Allahu Akbar, yadda ake faɗa ranar layya, maza a benci suka amsa ba tare da sun shirya ba. Wuƙar ta shiga shafen da ɗan ƙara, ƙas, ta sauka har faranti. Ciki ya fito rawaya, a tsaye, bai marmashe ba. Ya ɗora yankan farko a tafin ubansa. Baffa Sanda ya zauna a ƙasa nan gindin tebur, ya cinye shi sannu a hankali, ya lashe yatsu, ya miƙa hannu a ƙara masa.

Ni na ƙarasa rabon. Yara arba'in da wani abu da iyayensu, kowa ya sami ɗan yanki kamar faɗin yatsa biyu. Ban taɓa raba kek a wuri mai shiru irin wannan ba. Makaɗan da aka ɗauko ba su taɓa ganga ba. Leɓunan mutane duk suka yi shuɗi saboda zoɓon, suna kallon juna, ba wanda ya yi dariya. Rokar wani ƙanin ɗalibi aka ba.

Malam Isa ne ya kai su bakin hanyar ruga a motar asibiti, uban a gaba, Manu a baya da akwatinsa.

Sai bayan kaka na sake ganin Adda Shatu. Ta zo kasuwa da ƙwarya a ka, amma kuɓewa busasshiya ce a ciki da ɗan wake. Muka zauna a gindin tsamiyar da suke zama da. Na tambayi Manu, ta ce an ba shi aji a wata firamare kusa da su, yana zuwa gida ran Juma'a. Na tambayi Baffa.

Ta ce washegarin ranar ya tashi da asuba kamar kullum, ya yi salla, ya sa malfa, ya ɗauki sanda, ya je ya janye ƙayar shinge. Ita da Manu suna kallonsa daga bukka. Ya tsaya a ƙofar shingen nan, bai kira kowa ba, har rana ta ɗago ta fara zafi. Sannan ya dawo ya soke sandar a jinkar bukka, ya ce mata, "Shatu, aika gidan Haɓe manoma a aro mani fartanya. Wurin ga ya sha taki."